Asabar ko Lahadi?

Mu mutanen Banga mun saba ganin Kiristocin Ƙaura Namoda suna tafiya coci ran Lahadi, har muna zaton duk haka suke. Da na tambayi abokan karatuna Kirista, sai suka ce a Attaura Asabar ce ranar hutu. Galibinsu Lahadi suke riƙewa, don sun yi imani ran nan Yesu ya tashi daga matattu. Sarkin Rum Kwanstantin kuma ya mai da ita ranar hutu a 321.

Amma 'yan ɗariƙar Adbentis suna nan kan Asabar. Daga faɗuwar rana ran Juma'a har faɗuwarta kashegari, ba sa taɓa aiki.

To, a makarantarmu ta kwana, ran Asabar ake yankan ciyawa. A ganina, ɗan Adbentis da ya ƙi ɗaukar lauje ran nan kada a yi masa bulala, a ajiye masa kasonsa zuwa Lahadi.