Gaz daga kashin shanu: yadda yake samuwa da sharuɗɗan yinsa a Sahel

1. Gabatarwa

A ƙasar Nijar, itace shi ne makamashin girki na mafi yawan gidaje. Dokar 1992 da ta kafa kasuwannin itace na karkara ta tsara sara da sayarwa, amma buƙatar birane ba ta ragu ba. Inda itace ya yi wuya, mata kan ƙona busasshen kashin shanu, wanda gona take jira a matsayin taki. Wannan ƙasida za ta duba wata hanya da ke ba murhu da gona rabonsu duka, wato gaz ɗin da ake kira biyogaz, sannan ta nuna abin da ke iyakance ta a yankinmu.

2. Yadda gaz ɗin yake samuwa

Idan aka rufe kashin dabba ko ragowar abinci a wurin da iska ba ya shiga, ƙananan halittu da ake kira bakteri suna ruɓar da shi mataki-mataki. Rukunin farko yana narkar da abin, na biyu yana mai da shi ruwa mai tsami, rukunin ƙarshe kuma yana fitar da metan. Irin wannan aiki ne yake faruwa cikin tumbin saniya, shi ya sa ɗanyen kashinta yake zuwa da ƙwayoyin da ake buƙata.

Gaz ɗin da ke fitowa yana ɗauke da metan kashi 50 zuwa 70 cikin 100, saura kuwa galibi gaz karbonik ne. Metan ɗin ne ke kamawa da wuta. Ƙwayoyin sun fi aiki wajen digiri 35, kuma kayan suna ɗaukar kwana 30 zuwa 50 cikin ramin. Abin lura shi ne azot, fosfor da potas ba sa bin gaz ɗin. Suna zama cikin kunun da ke fita ta ɗaya gefen, wanda taki ne mai kyau. Idan kuwa aka ƙona kashin a murhu, azot ɗin ya tafi ke nan.

3. Abin da aka yi a wasu ƙasashe

Volta, masanin Italiya, ya gano metan cikin 1776 a fadamar tafkin Majore. Indiya ta yaɗa rami mai murfin ƙarfe wanda ke tashi sama idan gaz ya taru, ta kuma buɗe shirinta na ƙasa cikin 1981. Ƙasar Sin ta gina miliyoyin ramuka masu rufin tulluwa a shekarun 1970. Da yawa sun lalace saboda rashin ingancin gini da rashin masu gyara. Kusa da mu, Burkina Faso ta fara shirinta wajen 2010, ta horar da magina, aka gina dubbai a gidajen manoma.

4. Lissafi

Kilo 1 na ɗanyen kashin shanu yana ba da gaz kamar litar 40. Gida mai mutum 5 ko 6 yana buƙatar kusan litar 2000 kowace rana domin girki, wato kilo 50 na kashi. Ana dama kashin da ruwa daidai wa daida, saboda haka sai an ƙara ruwa litar 50, jarka biyu da rabi ta litar 20, kullum, har cikin bazara.

A nan matsalar Sahel take. Zafi muna da shi, in ban da ɗan lokacin sanyi. Abubuwa biyu ne suke ƙaranci. Na farko, kashi: garken da ke yawon kiwo yana zubar da shi a daji, na dare kawai ake iya tarawa, kuma wanda rana ta busar amfaninsa yana raguwa. Na biyu, ruwa: a garin da rijiya take da zurfi, wannan jarka biyu da rabi ƙarin wahala ce a kan matan da aka ce za a sauƙaƙa musu.

5. Kammalawa

Yawan shanun ƙasa ba ya nuna yawan gaz ɗin da za a samu. Ma'aunin da ya dace shi ne ɗanyen kashin da ke taruwa wuri ɗaya kusa da ruwa. Bisa wannan, wuraren da ya kamata a fara dubawa su ne gidajen masu kiwon turke, mayankar birane irin su Maraɗi, Damagaram da Tawa, manyan kasuwannin dabbobi, da makarantun kwana. Muna ba ɗalibai masu bincike shawara su fara da sikeli da jarka: a auna kashi da ruwan da gida yake samu a damina, da kaka, da rani, kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya.