Ko Ka San Abin da Ke Sa Sitiyarin Motar Daji Rawa Idan Ta Hau Kwalta?

Ko ka san ɗan curin laka da bai wuce giram 100 ba, idan ya bushe a cikin rim, yana iya girgiza motar da ta haura tan biyu? Ɗauki irin tayar da ake gani a ƙarƙashin Land Cruiser da Prado, mai lamba 265/70 R16. Zagayenta ya kusa mita biyu da rabi, don haka a gudun kilomita 100 cikin awa tana juyawa sau 11 a daƙiƙa guda. A wannan juyi, lakar nan tana fizgar tayar da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 10. A gudun kilomita 50 kuwa fizgar ba ta wuce kilo biyu da rabi ba, domin duk sa'ad da gudu ya ninka, ita ninki huɗu take yi. Shi ya sa motar da ta wuni lafiya lau a taɓon damina, da ta hau kwalta aka taka totur, sai sitiyari ya fara kaɗa hannun direba.

Abin da ke ɗaure wa direbobi kai shi ne rawar tana da lokacinta. Takan fara wajen kilomita 80, ta tsananta wajen 100, in an ƙara wuta kuma ta lafa, har mutum ya ɗauka ta warke. Ba ta warke ba. Taya da ƙarafan da ke riƙe da ita suna da nasu saurin tsalle, kamar sau 10 zuwa 15 a daƙiƙa. Idan juyin tayar ya zo daidai da shi sai su haɗa baki, girgizar ta ninku. Da an wuce wurin sai su saɓa.

Bakaniken da ya san aikinsa ba ya fara ɗaukar sifana, tambaya yake fara yi: "Alhaji, a hannu kake jin ta ko a kujera?" In a hannu ne, tayoyin gaba ake tuhuma. In a kujera ko ƙasan mota ne, a duba na baya da furofela. Idan sai an taka birki take zuwa, faifan birki ne kaurinsa bai daidaita ba. Idan kuma taka totur ke ƙara ta, ɗaga ƙafa ya rage ta, to a leƙa mahaɗan furofela. Masu Land Cruiser mai makulli a cibiyar tayar gaba su tuna su buɗe shi bayan an fito daga yashi, don in an bar shi a kulle furofelar gaba za ta yi ta juyi a banza, kuma in ta ɗan lalace sai an ji a jiki.

Gwajin da ya fi araha kuwa ruwa ne da bokiti. A wanke cikin rim tas, a duba ko dalmar balansin ta faɗi, a auna iska, a ɗaure notuna. In rawar na nan, a mai da tayoyin gaba baya. Ta bar hannu ta koma kujera? To an kama ɓarawo. Akwai kuma tayar da ko an kai ta injin balansin sau goma ba za ta daidaita ba, domin wayoyin cikinta sun saki ta yi ƙullutu. Direbobin hanyar Agadas zuwa Dirku sukan rage iska don mota ta taka rairayi ba ta nutse ba, dabara ce mai kyau, amma wanda ya zuba gudu a busasshiyar hanya bai mayar da iskar ba, dafa tayarsa yake yi. Mai sayen taya ta hannu kuma ya karanta lambobi huɗun nan na gefenta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

Duk wannan ƙaramar cuta ce. Babbar tana kama motocin da tayoyinsu na gaba ke kan aksul guda, sandar ƙarfe ɗaya daga hagu zuwa dama, irin Land Cruiser 70 da Toyota ke ƙerawa tun 1984, da Land Cruiser 80, da Nissan Patrol Y61, da tsohuwar Defender, da Jeep Wrangler. Wannan gini shi ya ba su juriyar gargada da duwatsu, amma da sharaɗi: abin da ya bugi taya ɗaya, 'yar'uwarta ma ta ji. Ana cikin tafiya sai taya ta faɗa rami ko ta daki bakin gada, nan take tayoyin biyu su kama kaɗawa hagu da dama, gaban motar duka ya ɗauki ɓari kamar mazari. Ita wannan ƙara gudu ba ya kashe ta, sai an rage sosai, wani lokaci ma sai an tsaya cik. Wanda ta kama kada ya danne birki da ƙarfi. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya ɗaga ƙafa daga totur, ya gangara gefe a hankali.

A Amurka maganar ta kai har majalisa. A 2012 'yan majalisar wakilai biyu, Henry Waxman da Anna Eshoo, sun rubuta wa hukumar kula da lafiyar motoci ta ƙasar kan koke-koken masu Wrangler. A 2019 wasu masu motar suka kai kamfanin da ya ƙera ta, Fiat Chrysler, kotu, kamfanin kuma ya sanar da sauya wa Wrangler ƙirar 2018 da 2019 shokozobar sitiyari kyauta. Sai dai a tsohuwar motar da ta sha gargada, a ganina sayen wannan shokozoba kafin bincike rufe kura da fatar akuya ne. Aikinta shanye girgiza, ba ta ɗaure abin da ya kwance.

Abin da ya kwancen ake nema, kuma ba a buƙatar kwamfuta. Mota na ƙasa a kan tayoyinta, yaron shago ya shiga ya riƙa murɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, hagu, dama, ba tsayawa. Oga yana kwance a ƙasa da tocila, tafinsa a kan kowace mahaɗa bi da bi. Kan tayarod mai lafiya tafiya yake yi tare da sandarsa. Wanda ya mutu sai ka ji ɗan ƙwas a tafin hannu kafin ya bi. An fi zargin sandar Panhard, wadda ke hana aksul zamewa gefe a motoci masu sifirin na murɗe: ko bushin ɗinta ya cinye, ko ramin notinta ya buɗe. Daga nan a sa jak, a kama taya sama da ƙasa a jijjiga. In ta yi wasa, boris ɗin taya ne ko na wuyan aksul. Sau da yawa ba abu ɗaya ba ne, sakin nan kaɗan, na can kaɗan, sai tayar da ba balansin ta tayar da su gaba ɗaya.

Masu ɗaga mota su sa mata manyan tayoyi don ado su ma su sani, ɗagawar tana karkata aksul, ta rage kwanciyar nan da ke sa sitiyari komawa tsakiya da kansa bayan an sha kwana. In ba a gyara wannan a wurin alaimen ba, motar ta zama mai saurin kamuwa.

Saboda haka kafin ka je gareji, ka hau hanya mai kyau ka lura da abu uku: a gudu nawa take farawa, ina kake jin ta, kuma rami ne ke tayar da ita ko da kanta take zuwa. Kai wa bakanike waɗannan amsoshi, sannan kada ka biya kuɗin kowane ƙarfe sai ya nuna maka wasansa da idonka.