DARE A BIRNIN TOKIYO: INDA AKAWU KE JIRAN JIRGIN ƘARSHE

Hausawa na cewa dare mahutar bawa, amma wannan karin magana ba ta ci Tokiyo, babban birnin ƙasar Jafan ba. Da rana ta faɗi sai birnin ya sake farkawa, fitilun lantarki ja da kore da shuɗi su haske tituna har mutum ya iya karanta wasiƙa a tsakar hanya. Mutanen birnin sun kai miliyan 14, in kuwa aka haɗa da garuruwan da suka manne da shi sai a ce wajen miliyan 37. Yawancin masu cika titunan nan da dare ba 'yan iska ba ne, ma'aikata ne, akawuna da malamai da 'yan kamfani, kowa da kwat ɗinsa da jakarsa a hannu. Saboda haka labarin ya cancanci masu karatunmu, waɗanda su ma da alƙalami su ke ci.

OFIS NA BIYU

In an tashi daga aiki, sau da yawa shugaban ofis ya kan ce wa yaransa a tafi a ɗan sha. Inda a ke zuwa sunansa izakaya, watau gidan da a ke sayar da abinci da giya tare, ana gane shi da jar fitilar takarda a bakin ƙofa. A nan a kan ci yakitori, tsiren kaza ke nan da a ke gasawa bisa gawayi, da dafaffen waken suya, da kifi. Zaman yana da ƙa'idodinsa. Ba mai kai kofi baki sai an ɗaga gaba ɗaya an ce kampai. Ba a so mutum ya zuba wa kansa, sai dai ƙarami ya riƙa lura da kofin babba, ya kama kwalba da hannu biyu ya cika masa.

Dalilin wannan al'ada shi ne, Jafanawa mutane ne masu kunya da girmama na gaba. Maganar da ƙaramin akawu ba ya iya faɗa wa shugabansa a ofis, ya kan faɗe ta a izakaya, gobe kuwa a yi kamar ba a ji ba. Amma abin yana da nauyi. Shekaru da yawa wanda ya ƙi zuwa a kan ɗauke shi mai girman kai, ga kuɗi na fita daga albashi, ga 'ya'ya sun yi barci ba su ga ubansu ba. A watan Disamba kuma kusan kowane ofis ya kan yi babbar liyafa mai suna bonenkai, watau bikin mance wahalar shekara.

GINZA, UNGUWAR MANYA

Wanda aljihunsa ya yi nauyi sai ya nufi Ginza. Unguwar ta samo sunanta daga gidan buga kuɗin azurfa da hukuma ta kafa a wurin a 1612. Mashayunta ba su da hayaniya. Wata tana ƙarƙashin ƙasa, wata a bene na biyar, ba abin da zai nuna ta sai ɗan allo ƙarami da ƙofa mai nauyi. Da shigar baƙo sai a miƙa masa ɗan tawul mai ɗumi ya goge hannu, ya zauna gaban kanta. Bayan kantar ga mai haɗa abin sha, da farar kwat, tsaf kamar likita.

Sana'arsa ita ce gauraya barasa da ruwan 'ya'yan itace da ƙanƙara, abin da a ke kira koktel. Jafanawa sun karɓo ta daga Turawa, suka mai da ita sana'a irin ta maƙera ko dukawa, wadda sai yaro ya yi shekaru gaban maigida yana wanke kofuna kafin a yarda ya taɓa kwalba. Har ƙanƙara ma sassaƙa ta a ke yi da wuƙa da tsinken ƙarfe ta zama dunƙule kamar lemo, gama dunƙulalliyar ƙanƙara ta fi daɗewa ba ta narke ba, ba ta saurin tsinka abin sha. Wani gwani, Kazuo Uyeda, ya yi suna a duniya saboda irin girgizar da ya ke yi wa gwangwanin gauraya. Mashayar Lupin, wadda marubuta littattafai suka riƙa taruwa a cikinta, tun 1928 aka buɗe ta, Kamiya ta unguwar Asakusa kuwa asalinta tun 1880.

LUNGUNAN SHINJUKU

Talaka da mai neman hira Shinjuku su ke zuwa. Tashar jirgin ƙasarta ta fi kowace tasha a duniya cinkoso, kafin annobar 2020 fiye da mutum miliyan 3 ke bi ta cikinta kowace rana. A yaƙin duniya na biyu, cikin 1945, jiragen Amurka sun ƙone yawancin birnin, bayan yaƙi sai kasuwar bayan fage ta tsiro a gefen tashar. Da hukuma ta kori masu rumfunan, waɗansu suka koma wani fili a gabas, suka gina 'yan ɗakunan katako. Wurin shi ne Golden Gai, watau Unguwar Zinariya: lunguna shida matsattsu, mashayu fiye da 200, waɗansu ba su ɗaukar fiye da mutum shida ko bakwai. Saboda ƙanƙantar wurin, dole baƙo ya yi hira da na kusa da shi. Yawancinsu suna karɓar kuɗin kujera kafin a sha kome, kamar yen 500 zuwa 1,000.

Dab da nan sai Kabukico. An raɗa mata suna a 1948 don an yi niyyar gina gidan wasan kwaikwayo na gargajiya mai suna kabuki, ginin bai yiwu ba, sunan ya zauna. Nan ne baƙo ya kamata ya buɗe ido, gama baƙo makahon gari ne. 'Yan kamasho su kan tare mutum da fara'a, su ce akwai wuri mai araha, in ya bi su sai a kawo masa takardar kuɗi mai cinye albashin wata, a tsare ƙofa sai ya biya. Hukumar Tokiyo ta yi doka a kan wannan zamba tun 2000, 'yan sanda kuma suna ta gargaɗi kada a bi mai kira a titi. Matsin gine-gine shi ma hatsari ne: ran 1 ga Satumba 2001 gobara ta tashi a wani bene na unguwar, mutum 44 suka rasu.

JIRGIN ƘARSHE

Abin da ke mulkin daren Tokiyo shi ne agogon tasha. Jiragen ƙasa su kan tsaya tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya, ba su tashi sai wajen biyar na asuba. In lokaci ya gabato sai ka ga dattawa da kwat suna sheƙa gudu. Wanda jirgi ya bari, ko ya biya taksi da tsada, ko ya kama ɗakin karaoke, inda na'ura ke kiɗa mutum na waƙa, ko kuwa ya kwana a masaukin akwati. Irin wannan masauki, wanda ɗakinsa bai wuce tsawon mutum a kwance ba, a Osaka aka fara shi a 1979.

Tuƙa mota cikin maye kuwa, Jafan ta ɗauki darasi mai ɗaci. A 1999 wani direban babbar mota da ya bugu ya hallaka 'yan mata ƙanana biyu a Tokiyo, iyayensu suka yi ta kai kuka har aka tsananta hukunci a 2001. A 2006 wani ma'aikacin hukumar birnin Fukuoka ya banke wata mota ta faɗa teku daga gada, yara uku suka mutu, aka ɗaure shi shekara 20. Daga 2007 doka ta hau kan wanda ya ba direba giya, da wanda ya ba shi mota, da wanda ya nemi ya ɗauke shi alhali ya san ya sha. Yaro kuma ba ya sha sai ya cika shekara 20, dokar tana nan tun 1922.

ZAMANI YA JUYA

Samarin yanzu da yawa sun ƙi wannan gado, suna cewa lokacinsu nasu ne bayan an tashi aiki. A 1995 baligi ɗaya ya kan sha wajen lita 100 a shekara, a 2020 abin ya sauko zuwa 75. Harajin giya, wanda ya kai kashi 5 cikin 100 na kuɗin harajin ƙasa a 1980, ya faɗi ƙasa da kashi 2. Abin ya dami Hukumar Haraji har ta sa gasa a 2022, tana neman dabarun da za su sa samari su ƙara sha, jama'a kuwa suka yi mata ca. Ita kuma hukumar unguwar Shibuya, tun Oktoba 2024 ta hana sha a titunan kewayen tasharta da dare.

Musulmin da aiki ko karatu ya kai shi can, in abokan aiki suka gayyace shi cin abinci, ya faɗi gaskiya tun farko cewa ba ya sha, za a kawo masa shayi ko lemo, yanzu ba a ganin haka abin mamaki. Sai dai ya riƙa tambaya, gama su kan sa giyar shinkafa da naman alade cikin girki.

Ƙasar da ta shahara da ƙwazon ma'aikata, ga shi 'ya'yanta da kansu suna lissafin abin da dare ke ci musu na kuɗi, da lafiya, da zaman iyali. Duk mai karɓar albashi a ƙarshen wata ya san wannan lissafi. Allah ya sa albarka cikin abin da mu ke samu, amin.