Tukunyar Gas: Abin Da Mai Saye Ya Kamata Ya Sani

KAFANCHAN, Jihar Kaduna — Tun bayan da hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal ta ratsa Kafanchan a shekarar 1927, garin ya zama matattarar makanikai da masu walda, waɗanda sana'arsu ta dogara ga iskar da ake matsewa cikin tukunyar ƙarfe. Baya ga su, asibitoci da masu sayar da abinci da matan aure a Ƙaramar Hukumar Jama'a suna sayen iska a tukunya, alhali ba kowa ne ya san yadda ake gane cikakkiyar tukunya ba.

Ƙa'idar da ke tattare da wannan ciniki ita ce wadda masanin kimiyya Robert Boyle ya bayyana a shekarar 1662, cewa muddin zafi bai sauya ba, idan aka ninka matsin da ke kan iska sau biyu, wurin da take ci zai ragu zuwa rabi.

Bisa ga wannan lissafi, tukunyar oksijin mai cin lita 40 da aka ɗura har matsinta ya ninka na iskar sarari sau 150, tana ɗauke da kimanin lita 6,000. Idan kuwa agogon da ke bakinta ya tsaya a kan 100, lita 4,000 ce kawai a ciki, watau mai walda ko asibitin da ya biya kuɗin cikakkiya ya yi asarar kashi ɗaya cikin uku. Saboda haka duba agogo kafin biyan kuɗi ya zama wajibi.

Sai dai kuma gas na girki ya sha bamban. Matsi yana mayar da shi ruwa a cikin tukunya, kuma muddin da sauran ruwan, matsin ba ya raguwa sosai. Don haka agogo ba ya nuna yawansa. Sikeli ne alƙali. Mai sayen kilo 12.5 sai ya sa a auna tukunyar kafin ɗuri da kuma bayansa. Haka kuma akan bar kusan kashi ɗaya cikin biyar na tukunyar babu ruwa, domin zafin rana, musamman a watannin Maris da Afrilu, yana kumbura gas ya ƙara matsi. Dillalin da ya cika ta maƙil ya jefa iyalin mai saye cikin haɗari.

Wannan ilmi ya ƙara muhimmanci tun da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ta kuma shiga ƙarfafa amfani da gas na CNG a motoci. Ana matse shi har kusan sau 200, kuma kamar oksijin, agogo ne ke nuna abin da ya rage. Direbobin da ke dakon citta daga Kachia da Kwoi, idan suka koma kansa, da wannan agogo za su riƙa lissafin nisan da za su iya kaiwa.