Zaɓen Kayan Haɗa Matsakaiciyar Kwamfutar Tebur a Wurno da Rabah da Goronyo

Gabatarwa

Ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo ta daɗe da sanin darajar alƙalami. A Wurno ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa, a can kuma ya rasu a 1837, bayan ya bar tarin littattafai. Rabah kuwa ita ce mahaifar Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. To, a yau kwamfuta ta shiga sahun kayan aikin ɗalibi, musamman tun 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan na'ura. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan yadda ake zaɓen sassan kwamfutar tebur matsakaiciya, wadda mutum zai haɗa da hannunsa. Jigon bayanin shi ne, a wannan yanki tilas mai zaɓe ya fara duba zafi da ƙura da halin wutar lantarki, sannan ya dubi ƙarfin na'ura.

Asalin Haɗa Kwamfuta a Gida

A 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutar tebur da ya harhaɗa da sassan wasu kamfanoni, wanda hakan ya buɗe wa kowa ƙofar ƙera sassa masu shiga juna. A 1995 kuma kamfanin Intel ya fito da ma'aunin ATX, wanda ya daidaita girman babban allo da akwati da hanyar ba da wuta. Albarkacin wannan ne mutumin Goronyo zai iya sayen allo a Titin Beirut na Kano, ya aiko da furosesa daga kasuwar Computer Village ta Ikeja, su kuma zauna da juna lafiya, muddin an kiyaye ƙa'ida.

Furosesa da Babban Allo

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar na'ura, babban allo kuwa shi ne dandalin da dukkan sassa suke haɗuwa. Kowace furosesa tana da irin mazauninta, kuma ba ta shiga wani. Alal misali, Ryzen 5 5600G ta kamfanin AMD tana zama ne a mazaunin AM4, wanda ya fito a 2016, yayin da Core i5-12400 ta Intel take buƙatar LGA1700 na 2021. Dukkansu biyu suna da cibiyoyin aiki shida, kuma wat 65 aka rubuta a matsayin ma'aunin wutarsu, ko da yake ta Intel takan zarce haka idan aiki ya yi nauyi. Wannan ya wadatar wa rubutun kundi da lissafi da gyaran murya da hotuna.

Akwai tarko guda biyu a nan. Na farko, furosesar Intel mai harafin F a ƙarshen lambarta ba ta nuna hoto da kanta, haka ma Ryzen 5 5600 marar harafin G. Wanda ya saye su ba tare da katin hoto ba, zai kunna na'ura ya tarar da gilashi baƙi ƙirin. Na biyu, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa ba ta amince da furosesar Intel da ta gaza zubi na takwas ba. Saboda haka tsofaffin na'urorin tokumbo da ake karyar da kuɗinsu suna iya zama asara. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

Ram da Ma'aji

Ram ita ce faifan da na'ura take baza aikin da ke hannunta, da an kashe wuta kuwa sai ta share. Gigabait 16 ya ishi matsakaiciyar na'ura, kuma ya fi kyau a saye shi sanda biyu masu takwas-takwas, domin allo yana karanta biyun a tare. Sai dai a lura, allon AM4 DDR4 kaɗai yake karɓa, AM5 na 2022 kuma DDR5 kaɗai, allunan LGA1700 kuwa kowane da irin wadda aka ƙera shi da ita. Tsagar da ke gindin sandunan ta bambanta, don haka ko an danna ba za su shiga ba.

Ma'aji shi ne rumbun da ayyuka suke kwana. Tsohon faifai mai juyawa bai cika wuce megabait 200 a daƙiƙa ba, SSD na SATA yakan kai 550, na NVMe kuwa 3,000 ko fiye. Bayan sauri, SSD ba shi da abin da ke motsi a ciki, don haka ya fi jure jijjigar mota a hanya. Ya kamata a ɗora tsarin na'ura a kan SSD mai gigabait 500 ko terabait ɗaya, a kuma tanadi wani faifai na waje don ajiyar kwafi. Mutanen yankin ba su manta da 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Rabah da Goronyo, saboda matsalar tsaro. Wanda littattafansa suke intanet kaɗai, a lokacin ya rasa su.

Wuta

Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan Gulbin Rima, an yi ta ne domin noman rani da ruwan sha. Wutar gidaje kuwa a hannun kamfanin rarraba lantarki na Kaduna take, kuma da yawa daga masu aiki da na'ura sun dogara ne da janareto ko sola. A nan ne zancen katin hoto yake da nauyi. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, amma idan irin na dalma ne, rabi kawai ake so a ci don kada ya mutu da wuri. Na'urar da take jan wat 100 tare da gilashinta za ta yi kusan awa goma a kan wannan rabin, bayan an cire abin da inbata take ci. Idan aka ƙara kati irin RTX 3060, wanda shi kaɗai yakan ja wat 170, lokacin zai iya komawa awa huɗu. Ke nan, in ba zanen gine-gine ko tace fim mai nauyi za a yi ba, furosesa mai nuna hoto da kanta ta fi dacewa. Daidai ruwa daidai tsaki.

Akwatin raba wuta na cikin na'ura shi ne wurin da bai kamata a yi ƙwauro ba, domin idan ya ƙone yakan tafi da allo da ma'aji. A nemi mai wat 450 zuwa 550, mai tambarin 80 Plus, wanda yake nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ya ja yana isa ga na'ura, sauran ne yake zama zafi. A kuma sa sitabilaiza ko UPS a tsakaninsa da bango.

Zafi da Ƙura

Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Sakkwato yakan haura digiri 40. Furosesa kuwa idan ta doshi digiri 95 zuwa 100 sai ta rage gudu don ta tsira, wato mai ita ya biya kuɗin ƙarfin da ba zai mora ba. Maganin haka shi ne akwati mai raga a gaba, da fanka biyu masu shigo da iska, da ɗaya mai fitarwa a baya. Da hunturu kuma ƙura takan toshe haƙoran ƙarfen sanyaya furosesa. Don haka a zaɓi akwati mai matatar ƙura da ake cirewa a wanke, a ɗora shi a kan tebur, kada a ajiye shi ƙasa.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa tsarin zaɓe yana farawa ne daga aikin da za a yi da wutar da ake da ita, sai furosesa da allonta, sai ram da ma'aji, sai akwatin wuta da na iska. Ga ɗalibin Hausa akwai ƙarin abu guda, wato ya kunna tsarin madannan Hausa da ke cikin Windows, don ɓ da ɗ da ƙ su fito da ƙugiyarsu. Tun da kuma tafiya a gabashin Sakkwato ta zama abin lissafi saboda tsaro da tsadar mota, wajibi ne mai saye ya rubuta lambar kowane sashe a takarda, ya sa a haɗa su a kunna a gabansa cikin shago, ya karɓi rasit, kafin ya kama hanyar gida.