Adon Haikali a Masar ta Dā

Wanda ya ga hoton haikalin Karnak a yau zai yi tsammanin mutanen Masar na dā ba su damu da launi ba. Abin da ido ke gani shi ne manyan duwatsu masu kamar yashi. Amma ba haka ginin yake ba a zamanin Fir'aunoni. Daga ƙasa har rufi an lulluɓe shi da zane da rubutu, an kuma shafe su da launuka masu haske. Rana da iska da daɗewa ne suka cinye launin.

Haikali shi ne ginin da aka keɓe wa abin bauta. A wurin Misirawa gidan gunki ne, kuma sun gina shi ya zama ƙaramin hoton duniya. A gindin bango sukan zana tsirran fadama, kamar ginin ya tsiro ne daga bakin Kogin Nilu. Kan ginshiƙai kuwa sukan sassaƙa shi da siffar furen bado, ko ta doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa da suke yin takarda da ita. Rufi shi ne sama: shuɗi, da taurari ruwan ɗorawa. A tsakiyar rufin akan ga ungulaye sun buɗe fukafukai. Mu dai ba mu ɗauki ungulu abin ado ba, amma su alamar gunkiya ce mai tsaron sarki.

Aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Da farko magina su goge bangon ya yi sumul. Sai a tsoma igiya cikin jan launi, a miƙe ta, a ɗaɓa ta a jikin bango, a tsaye da a kwance, har a sami ƙananan murabba'ai. Da su ake auna jikin mutum. A tsawon ƙarnoni da yawa, mutumin da ke tsaye yakan ci murabba'i 18 daga tafin ƙafa zuwa goshi. Mai zane ya yi zanensa da ja, babban gwani ya bi ya gyara da baƙi. Daga nan masassaƙa su karɓa, masu shafa launi su zo daga ƙarshe.

Sassaƙar iri biyu ce, kuma a nan ne hikimarsu ta fi bayyana. A ta farko, akan kankare dutsen da ke kewaye da hoto, hoton ya taso. A ta biyu, akan tona hoton ne cikin dutsen, ya nutse. Bangon waje yana shan rana mai ƙarfi, wadda kan sa hoto mai tasowa ya dushe wa ido. Saboda haka a waje sun fi yin mai nutsewa, domin inuwa ta kwanta a gefensa, a hango shi daga nesa. Mai tasowa kuwa ya fi dacewa da ɗakunan ciki, inda haske kaɗan ne.

Babban zauren Karnak yana da ginshiƙai 134. Goma sha biyu na tsakiya sun haura mita 20 a tsayi. Sarki Seti na Ɗaya ya ƙawata ɓangaren arewa da sassaƙa mai tasowa, mai laushi da tsafta. Ɗansa Ramsis na Biyu, wanda ya yi sarauta shekara 66, ya ƙarasa ɓangaren kudu, kuma yawancinsa mai nutsewa ne ko da yake a cikin zaure yake. Irin wannan ta fi saurin gamawa, ga shi Ramsis gine-ginensa suna da yawa. A ganina aikin uban ya fi na ɗan kyau.

Abin da aka zana ma ya danganta da wanda zai gani. Talaka ba ya shiga can ciki, iyakarsa ƙofa da farfajiya. A can ake nuna masa sarki ya kama gashin abokan gaba, ya ɗaga kulki. Yaƙin Kadesh, wanda Ramsis ya gwabza da Hittiyawa wajen shekara ta 1274 kafin Miladiyya, an sassaƙa shi a Karnak da Luksor da Abu Simbel kamar babbar nasara, alhali babu wanda ya yi rinjaye sosai. A can ciki kuwa galibi babu yaƙi. Sarki ne kawai yana miƙa wa gumaka turare da abinci da furanni.

Launukan daga ƙasa aka samo su. Ja da ruwan ɗorawa daga ƙasa mai launi, baƙi daga gawayi, kore daga wani dutse mai jan ƙarfe a cikinsa. Shuɗi ne ya ba su wahala, sai da suka haɗa shi da kansu: yashi da farar ƙasa da jan ƙarfe da kanwa, a gasa su a wuta mai tsanani, a niƙa. Akan kwaɓa garin da ƙaro domin ya kama bango.

A garin Esna, kudu da Luksor, kunkunniya da ƙura sun rufe rufin haikalin har ya zama baƙi ƙirin. Tun shekara ta 2018 masana daga Masar da Jamus suka shiga goge shi a hankali. Ƙarƙashin baƙin sai ga taurari da ungulaye cikin ja da shuɗi da kore, har da rubutun da aka yi da tawada, wanda aka daɗe ba a san yana nan ba.