Bayan Sallama Daga Asibiti: Wa Ke Sa Ido Kan Jinyar Gida a Sharaɗa, Challawa da Bompai?

A unguwannin da ke kewaye da masana'antun Kano, irin su Ja'en a gefen Sharaɗa, da Fanshekara a gefen Challawa, da Dakata da Kawaji a gefen Bompai, akwai gidajen da ke da ɗaki guda wanda ba a cika ɗaga labulensa ba. Wani ɗakin dattijo ne a ciki, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a masaƙa har ta rufe, yanzu hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki. Wani kuma matashi ne da ya faɗo daga kan tirela wajen lodi, lakarsa ta taɓu. Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ko na ƙashi da ke Dala ya yi iya nasa, ya sallame su. Daga ranar nan jinya ta koma hannun iyali, kuma ita ce ke ɗaukar watanni ko shekaru. A ganina wannan zango shi ne mafi haɗari ga mara lafiya, shi ne kuma wanda babu hukumar da ke sa masa ido, duk da cewa dokokin da za a dogara da su wajen gyara suna nan a rubuce.

Abin da ke kashe mai doguwar kwanciya sau da yawa ba cutar da ta kwantar da shi ba ce. Mutumin da ba ya iya juya kansa, in aka bar shi a gefe ɗaya, jini yakan daina isa fatar da ke kan ƙashin ƙugu da gindin baya da diddige, wurin ya yi ja, ya saluɓe, ya zama gyambo mai zurfi har ƙashi. Shi ya sa ma'aikatan jinya ke cewa a riƙa juya shi kamar duk bayan awa biyu, dare da rana. A ɗakin haya mai rufin kwano, cikin zafin watan Afrilu, ga leda a kan katifa, ga gumi da fitsari, gyambon nan ba ya ɗaukar lokaci. Haka wanda ɓarin jikinsa ya shanye yakan sami matsalar haɗiya. In aka ɗura masa kunu yana kwance, wani daga cikin kunun yakan bi ta hanyar iska ya sauka a huhu, bayan kwana biyu sai zazzaɓi da tari, a ce sanyi ne ya kama shi. Robar fitsari da ta wuce lokacin canji takan jawo ciwon da zai hau har ƙoda. Mai ciwon suga da aka yi wa allurar insulin bai ci abinci ba yana iya suma, a ɗauka jiki ne ya rikice. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar na'ura mai tsada kafin a kauce masa. Sani yake buƙata, da hannun da ba ya gajiya.

To, hannun wa? A gidan ma'aikacin kamfani, magidanci ko babban ɗa yana wajen aiki, wani satin da rana, wani satin aikin kwana. Jinya sai ta faɗa kan matar gida mai goyo, ko 'yar da aka dakatar daga makaranta, ko almajirin gida da ake kira ya taya ɗagawa. In abu ya ta'azzara a kira "nas" ta unguwa ko mai kemis ya zo ya sa ƙarin ruwa, alhali lasisin mai kemis bai ba shi izinin yin allura ba, balle ɗaura ruwa. Masu ɗan hali kuwa sun fara ɗaukar mai jinya da kuɗi, ta hannun dillalan 'yan aiki ko ta tallar WhatsApp. A nan giɓin yake. Ma'aikaciyar jinya ta gaskiya tana da rajista da Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, jami'in lafiya na matakin farko yana da tasa hukumar, mai gashin ƙashi ma haka, kuma kowannensu ana iya ƙwace lasisinsa. Amma wanda ake ɗauka ya kwana da tsoho, ya wanke shi, ya ba shi magani, babu inda iyali za su je su tambayi tarihinsa. Farar riga da abin awon jini sun isa a kira mutum likita a lungu.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na masu shekara 60 zuwa sama yakan fuskanci wani nau'in cin zarafi a cikin al'umma a shekara guda. Ƙiyasin na duniya ne, amma wanda ya ce mu ban da mu sai ya kawo hujja. Tsawa, da kulle ɗaki a fita, da rage wa tsoho ruwa don kada ya ɓata shimfiɗa, da riƙe masa katin cirar kuɗin fansho, duk suna cikin lissafin. Yawancin masu yin haka ba miyagu ba ne, mutane ne da suka yi watanni ba su yi barcin kirki ba.

Za a ce jinya haƙƙin iyali ce, addini ya ɗora ta a kan 'ya'ya, kuma Bahaushe yana ganin abin kunya ne bare ya ga tsiraicin mahaifinsa. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa gidan gajiyayyu irin na Shahuci ba zai taɓa zama mafita ga yawancin mutane ba. Sai dai umarnin kyautata wa iyaye da ya zo a Suratul Isra'i bai ce a yi jinya da jahilci ba. Ɗan da ke ƙaunar mahaifinsa amma bai san a zaunar da shi kafin a ba shi abinci ba, ƙaunar ba za ta hana kunu shiga huhu ba. Abin da ake nema shi ne a bar jinya a hannun iyali, a ƙara musu sani da mai leƙo su. Damuwar tsiraici ma hujja ce ta a horar da maza su yi jinyar maza, mata su yi ta mata, maimakon a bar abin ga duk wanda aka samu.

Sai batun kuɗi, kuma a nan ne unguwannin masana'antu suka bambanta da sauran gari. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi. Daga asusun ake biyan wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta ta dalilin aiki, kuma dokar ta ba hukumar ikon ɗaukar nauyin magani da jinya da sandunan dogarawa da gaɓoɓin roba. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya yana da haƙƙin kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Abin da leburori da yawa ba su sani ba shi ne, ma'anar ma'aikaci a dokar ta haɗa da na wucin gadi da ɗan koyo da wanda aka ɗauka da baki ba takarda. Dokar ta ce a sanar da mai kamfani cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga hukuma cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara guda. Inda aka biya kuɗin asibiti aka damƙa wa iyali ɗan abin "sannu" aka rufe magana, an sayar da jinyar shekaru da kuɗin wata biyu. Mai aiki da sinadaran jima a kamfanonin fata na Challawa, wanda cutarsa ba ta bayyana sai bayan an daɗe, shi ya fi kowa asara a irin wannan sulhu.

Masu masana'antu za su ce da kyar suke numfashi, ga tsadar wuta da dizal, ga kayan waje da suka cika Kantin Kwari, kuma duk wanda ya zaga Bompai ya ga gine-ginen da suka koma rumbunan ajiya ya san ba ƙarya suke yi ba. Amma kashi ɗaya ba shi ya rufe masaƙun Kano ba, kuma rashin biyansa ba ya kawar da kuɗin jinya, yana mayar da shi ne kan matar lebura. Wasu kuma za su ce sa ido zai ƙara wa mai jinya tsada har talaka ya kasa ɗauka. Wannan ƙorafi ya fi na farko nauyi. Ingila tana da hukumar da tun 2009 take yi wa kamfanonin jinyar gida rajista tana bincikarsu, Japan kuma ta kafa inshorar doguwar jinya a 2000, wadda kowa ke fara biya daga shekara 40. Kano ba ta da aljihun kwaikwayon ko ɗaya, ba kuma sai ta kwaikwaya ba. Rajistar suna da gajeren horo ba su kai tsadar wankin gyambo ɗaya na wata uku ba.

Kayan aikin suna nan a warwatse. Akwai Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokarta a farkon 2018, kuma tsara ƙa'idojin kula da tsofaffi na cikin aikinta. A jiha akwai PHIMA, mai yi wa asibitoci masu zaman kansu rajista, wadda ta saba rufe na bogi. Faɗaɗa aikinta ya haɗa da masu tura 'yan jinya gidaje ba baƙon abu ba ne a gare ta. Akwai KSCHMA ta taimakekeniyar lafiya, wadda za ta iya sa ziyarar gida cikin abin da take biya. Mataki mafi sauƙi kuwa yana hannun asibitoci: kada a sallami wanda ba ya iya tashi sai mai jinyarsa ya nuna a gaban nas cewa ya iya juyi da ciyarwa da kula da roba, sannan a miƙa sunansa ga asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, jami'in lafiya ya riƙa leƙawa.

Ga ƙungiyoyin ƙwadago na Sharaɗa da Challawa da Bompai, da reshen ƙungiyar masu masana'antu a Kano, kira ɗaya ne: a liƙa wa'adin kwana 14 da na shekara guda da Hausa a ƙofar kowane kamfani, kuma kowane ma'aikaci ya tambayi ofishin ma'aikata ko sunansa yana cikin rajistar NSITF tun yana tsaye da ƙafafunsa.